Abin da na shaida a rijiyoyin man Neja Delta

Assalamu alaikum. Ni ɗan Arewa ne, amma mafi yawan rayuwata ta aiki a gaɓar tekun Najeriya na yi ta, tsakanin fadamun Delta, Bayelsa da Ribas, da kuma can cikin teku. Na fara ne a ɓangaren lakar haƙa, wato lakar da ake turawa cikin rami lokacin haƙar rijiya, daga baya na koma kula da rijiyoyin da suka riga suka fara ba da mai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin hirar da nake ji a gida duk lokacin da aka sanar da adadin gangunan da ƙasa ta haƙo a shekara. Da yawa daga cikin 'yan'uwa sun ɗauka tafki ne a ƙarƙashin ƙasa da aka sa wa famfo, in an ga dama a ƙara buɗewa. Shaidar da zan bayar ita ce: kowace rijiya tana fara raguwa tun ranar da aka buɗe ta, kuma abin da aka samu a bana ya rataya ne a kan haƙar da aka yi shekara biyu ko uku da suka wuce, da gyaran da aka yi ko aka bari, da kuma ko bututu ya kai man bakin teku lafiya.

Mai yana zaune ne a cikin ƙananan ƙofofin dutsen yashi, kamar yadda ruwa ke zama cikin yashin rafi da rani, sai ka tona ya tsatso. Ƙasar Neja Delta hawa uku ce. Na sama ana kiransa Benin, kusan duk yashi ne, kuma nan ruwan shan jama'a yake. Na tsakiya shi ne Agbada, yashi da yumɓu mai tauri suna bin juna, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Yashin ke riƙe mai da gas, yumɓun ke rufe shi ya hana shi gudu. Na ƙasa shi ne Akata, yumɓu zalla mai matsi mai tsanani, kuma ana ganin daga nan ne yawancin man ya samo asali. A nan yankin, a Oloibiri ta jihar Bayelsa ta yanzu, aka fara samun mai na kasuwanci a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958 da kimanin ganga 5,000 a rana. Ganga ɗaya lita 159 ce.

Shekarar aikin mai tun kafin Janairu take farawa. Kamfani zai tsara rijiyoyi nawa zai haƙa, tsofaffi nawa zai gyara, da kuɗin da za su ci, ya kai wa abokan haɗin gwiwarsa da hukumar NUPRC mai sa ido kan haƙar mai, wadda ta gaji tsohuwar hukumar DPR bayan dokar man fetur ta 2021. Idan amincewar kuɗi ta makara wata uku, injin haƙar da aka yi alkawari da shi ya tafi wani wuri, kuma ba a samun wani cikin mako guda. Sannan ga yanayi. A tudu, rani ne lokacin gina hanya da share filin rijiya, domin da damina ƙasar ba ta ɗaukar manyan motoci. A fadama kuwa injin a kan babban jirgin ruwa mai lebur ciki yake, sai an yashe masa hanya a cikin rafi, a jira ruwan teku ya cika sannan a ja shi zuwa wurin, a cika cikinsa da ruwa ya zauna a ƙasa. A teku marar zurfi, har wajen mita 100, injin mai ƙafafu uku ake amfani da shi, ya kafa ƙafafun a ƙasan teku ya ɗaga kansa sama da igiyar ruwa. Ko hazon hunturu da ke tasowa daga wajenmu yana shiga lissafi, domin tsakanin Disamba da Fabrairu yakan hana jirgi mai saukar ungulu tashi, canjin ma'aikata ya tsaya.

Rijiya da faɗi take farawa, tana tsukewa tana nitsewa. Da farko a kafa babban bututun ƙarfe mai faɗin inci 30 ko kusa da haka don kada bakin ramin ya rufta. Sai a haƙa rami mai inci 17½, a zura bututun bango mai inci 13⅜, a tura siminti ta cikinsa ya fito ta ƙasa ya hau ta bayansa har ya cike tsakaninsa da ƙasa. Wannan simintin shi ke kare ruwan shan mutanen gari, don haka duk wanda ya yi ha'inci a nan ya ci amanar al'umma guda. Bayan ya bushe an gwada shi da matsi, sai a ci gaba da inci 12¼, a sa bango mai inci 9⅝, sannan inci 8½ da bango mai inci 7 a cikin yashin man. Kowane bututun haƙa tsawonsa kamar ƙafa 30 ne, ana haɗa uku-uku. Rijiya mai zurfin ƙafa 10,000 tana ɗaukar sama da bututu 300, kuma duk sanda bakin haƙa ya dakushe sai an zaro su kaf, a canja, a mayar. Aikin awa goma sha biyu ne ga kowane rukuni, dare da rana, ba a tsayawa.

Bari in daɗe kaɗan a kan laka, domin nan ne rai yake. Lakar haƙa ruwa ne ko wani mai na musamman da aka haɗa da bentonayit, wani irin yumɓu, don kauri, da barayit, garin wani dutse, don nauyi. Ana tura ta ta cikin bututu, ta fita ta bakin haƙa, ta sanyaya shi, ta ɗauko ɓarɓashin dutse ta dawo sama ta gefe, a tace ta a kan rariya mai girgiza, ta sake komawa. Babban aikinta shi ne danne abin da ke ƙasa. Lissafin ba wuya: nauyin laka na fam (ma'aunin nauyi) a galan, sau zurfi a ƙafa, sau 0.052. Laka mai nauyin 10 a zurfin ƙafa 10,000 tana danna psi 5,200 (psi ma'aunin matsi ne). Idan matsin yashin 5,000 ne, lafiya lau, kana da rarar 200. Idan ka faɗa cikin yashi mai matsin 5,500 ba ka sani ba, gas ya fi ƙarfin lakarka, zai shigo ramin. Kana buƙatar kusan 10.6 kafin ma ka daidaita da shi. Wani zai ce to a zuba barayit da yawa tun farko mana. Ba ya yiwuwa. Laka ta yi nauyi fiye da kima sai ta tsaga dutsen da ke sama ta tsiyaye ciki, tsayinta a ramin ya ragu, matsin ya faɗi, gas ɗin da kake gudu ya shigo. Ko kuma ta manna bututun a jikin yashi ya ƙi motsi, a kwashe kwanaki ana ja, wani lokaci a yanke shi a bar shi a can, a kauce ta gefe. Shi ya sa ake auna nauyin laka da ƙaramin sikeli a kai a kai, wadda ke shiga da wadda ke fitowa, a rubuta.

Shigowar gas ko ruwa cikin rami, abin da ma'aikata ke kira kik, tana da alamu kuma ba ta ɓoye kanta. Haƙa za ta yi sauri farat ɗaya. Lakar da ke dawowa za ta fi wadda ake turawa. Tankin laka zai ƙaru da ganga biyar ko goma ba wanda ya zuba komai. Sai direla, wato mai sarrafa injin haƙa, ya ɗaga bututu, ya kashe famfo, a leƙa. Idan laka na ci gaba da malalowa alhali famfo a kashe, ba shawara, a rufe rijiya. Na'urar rufewar ita ce BOP, tarin manyan bawuloli a bakin rijiya: na sama roba ce mai matse kowane bututu, na tsakiya ƙarafa ne masu rungume bututu, akwai kuma mai datse bututun gaba ɗaya idan abu ya ƙazance. Ana gwada ta duk mako biyu ko uku. Bayan an rufe, a karanta matsin cikin bututu da na gefe, a lissafa sabon nauyin laka, a fitar da gas ɗin a hankali ta ƙaramar maƙura, wato bawul mai tsuke hanyar fita, sannan a zagaya da laka mai nauyi. Gaggawar ta zo ne daga halin gas: ganga ɗaya a ƙasa tana kumbura ninki ɗaruruwa kafin ta iso sama, kuma mafi yawan kumburin a ƙafafun ƙarshe yake faruwa. Yawancin kik ma lokacin zaro bututu suke aukuwa, idan aka ja da sauri har ya tsotso ramin, ko aka yi sakaci wajen cike gurbin ƙarfen da aka fitar da laka. A Janairun 2012 gas ya ƙwace a wani injin haƙa a filin mai na Funiwa da ke gaɓar Bayelsa, mutum biyu suka rasu, wutar ta fi wata guda tana ci. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a kan dandamalin haƙa ba ya ɗaukar ƙarin ganga biyar a tanki da wasa.

In an kai zurfin da ake so, a zura na'urorin awo a tantance wane yashi ne ke da mai, wane ke da gas, wane ruwa ne kawai. Sai a huda bangon ƙarfe da siminti da ƙananan nakiyoyi daidai wurin man. Yashin Delta sako-sako ne, yana biyo mai, ya cinye bawul, ya toshe rijiya. Maganinsa a sa rariyar ƙarfe a zagaye ta da tsakuwa mai ƙayyadadden girma. Da yake yashin hawa-hawa ne, an saba zura siraran bututu biyu a rijiya ɗaya, dogo da gajere, kowanne na shan nasa hawan. A can ƙasa ana sa bawul mai rufe kansa idan aka fasa kan rijiyar, a sama kuma a ɗora kan rijiya mai bawuloli da maƙura.

Daga nan raguwa ta fara. Matsin yashi yana sauka, ruwan gishirin da ke ƙarƙashin mai yana hawowa. Rijiyar da ta fara da mai zalla, bayan shekaru za ka tarar kashi 80 ko 90 cikin ɗari na abin da take fitarwa ruwa ne. Idan aka yi kwaɗayi aka buɗe maƙura da yawa don a cika alƙawarin wata, ruwan ya yi tsalle ya riga man zuwa ramin, kuma ba ya komawa. Na sha ganin rijiya mai kyau ta lalace ta haka, abin yana da ciwo, domin man yana nan a ƙasa amma hanyarsa ta toshe. Wani man kuma yana da kaki mai kama da kakin zuma, ya daskare a cikin bututu sai an kankare shi da waya. Idan rijiya ta kasa tura kanta, a matsa gas a tura shi ta gefe ya shiga bututun ta ƙananan bawuloli, ya sauƙaƙa nauyin ruwan ya ɗago shi. Ke nan ranar da injin matsa gas ya tsaya, rijiyoyi goma ko ashirin na iya mutuwa tare. A filayen da suka tsufa, raguwar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a shekara ba abin mamaki ba ne. Ɗauki misalin fili mai ba da ganga 100,000 a rana. Shekara na zagayowa ya rasa 10,000 zuwa 15,000. Idan sabuwar rijiya na ba da 2,000, sai an haƙa biyar zuwa takwas kafin a tsaya inda ake jiya, ba a ma fara maganar ƙari ba.

Abin da ya fito daga rijiya yana bin siririn bututu zuwa tashar tarawa. Can akwai tukwanen ƙarfe na rarrabewa, na matsi mai yawa da na ƙarami, gas ya tashi sama, ruwa da mai su zauna. Daga nan manyan famfuna su tura shi babban bututu zuwa tashoshin lodi: Bonny, Forcados, Escravos, Brass da Qua Iboe. A tashar lodi ake barinsa ya kwanta a tankuna, a zare ruwa har abin da ya rage na ruwa da datti ya gaza rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sannan a auna a loda wa jirgi. Man namu marar nauyi ne, kibiritunsa kaɗan, shi ya sa matatun duniya ke son sa.

Gas ɗin da ya fito tare da mai kuwa, in ba injin matsa shi da bututun kai shi, ƙona shi ake yi. Doka ta 1979 ta sa Janairun 1984 ya zama ƙarshen ƙonawa, amma har yau wutar na ci a wurare da yawa. Ƙa'idar 2018 ta sa tarar dala 2 a kan kowace ƙafa dubu ta gas (ƙafa a nan ma'aunin yawan gas ce) da aka ƙona, ga mai haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana. Wanda bai taɓa kusantar wannan wuta ba ba zai gane ba: ruri take yi dare da rana, zafinta na dukan fuska daga nesa, ƙauyen da ke kusa ba ya ganin duhun dare. A ganina wannan ita ce asara mafi ban takaici a harkar gaba ɗaya, a ƙasar da ke da gas sama da ƙafa tiriliyan 200 a ƙasa kuma gidaje ba wuta. Inda aka tara shi, amfaninsa a fili yake. Kamfanin NLNG a tsibirin Bonny, wanda ya fara lodi a 1999, yana sanyaya gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, ya tsuke ninki 600 ya zama ruwa, a sayar da shi waje. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wannan gas ɗin na Delta aka tsara shi ya ɗauko.

Bututu shi ne wuyan harkar. Rijiya ɗari na iya zama lafiya ƙalau, amma in babban bututu ɗaya ya tsaya, duk sai an rufe su. Tsatsa na cin sa ta ciki saboda ruwan gishiri, ta waje saboda fadama. Ana tura wani toshi mai buroshi ta cikinsa ya share, akwai kuma mai na'ura da ke auna kaurin ƙarfe, kuma duk shekarar da aka tsallake wannan aiki, ana biyanta daga baya. Ga kuma masu fasa bututu, waɗanda ke walda bawul a jikinsa cikin dare su ja tiyo zuwa jiragen ruwa ko wuraren dafa mai na cikin daji da mutanen yankin ke kira kpofire. A ɗakin kula za ka ga matsi ya faɗi, abin da aka tura daga tasha bai yi daidai da abin da ya isa bakin teku ba. Najeriya ta taɓa kai kusan ganga miliyan 2.5 a rana a 2005. A watannin Agusta da Satumba na 2022 ɗanyen man ya faɗi ƙasa da miliyan 1, saboda sata da rufe manyan bututu, ga kuma shekarun da aka yi ana ƙarancin haƙa sababbin rijiyoyi. A Oktoban shekarar ambaliya ta zo ta ƙara tsayar da wasu tashoshin gas. Rijiyar da aka rufe watanni kuma ba lallai ta dawo yadda take ba, yashi da kaki da ruwa sun riga sun zauna mata.

Wajibi ne in faɗi abin da mutanen wurin ke sha, domin idona ya gani. Idan mai ya malala a fadama, cikar teku da janyewarta sau biyu a rana suna shafa shi a saiwoyin itatuwa, kifi da kaguwa da dodon koɗin da mata ke tsinta su ƙare. Ƙa'ida ita ce a sanar da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai, wadda aka kafa a 2006, cikin awa 24, a fita binciken haɗin gwiwa da wakilan gari a rubuta dalili da yawan abin da ya zube. Nan ake yawan samun saɓani, domin biyan diyya ya danganta da ko tsatsa ce ko hannun mutum. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya samu benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin mai, a ruwan rijiyoyin garin Nisisioken Ogale ninki 900 sama da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kuma ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Dokar 2021 ta tanadi kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani na shekarar da ta gabata domin garuruwan da ake haƙa a cikinsu. Ina roƙon 'yan'uwana na Arewa, in ana gardamar rabon arzikin mai, mu riƙa tuna masunci da ya rasa rafinsa. Haƙƙinsa ne a ji kukansa.

Can cikin teku mai zurfi lissafin daban ne. Filin Bonga, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin sama da mita 1,000, ya fara aiki a 2005. Erha ya biyo a 2006, Agbami a 2008, Egina a ƙarshen 2018. Kan rijiyoyin a ƙasan teku suke, man na hawowa zuwa wani ƙaton jirgi da ke raba shi da ruwa da gas, ya adana, ya loda wa jiragen dako kai tsaye. Na Bonga yana iya sarrafa ganga 225,000 a rana, ya adana miliyan 2. Ɓarawon bututu ba ya kaiwa can, amma sanyi na kaiwa. Ruwan ƙasan teku kusan digiri 4 ne, gas da ruwa a ƙarƙashin matsi suna haɗuwa su zama ƙanƙara ta toshe bututu, don haka ake tura sinadarin metanol, kuma in an tsaya aiki a yi hanzarin maye man da ke cikin bututu kafin ya huce. Ana tace ruwan teku a tura shi cikin yashi don riƙe matsi. Idan aka tsayar da irin wannan jirgi domin babban gyara na makonni, adadin ƙasa gaba ɗaya sai ya nuna a wannan watan. Daga gano fili a nan zuwa gangar farko kuwa shekaru ne masu yawa: an gano Bonga tun tsakiyar shekarun 1990.

Saboda haka idan aka sanar da adadin shekara, ga abin da mai karatu zai duba. Ya ninka na rana sau 365: miliyan 1.5 a rana ya zama kimanin ganga miliyan 547 a shekara. Ya tambaya ko an haɗa da kondenset, wato ruwan mai marar nauyi da ke fitowa daga rijiyoyin gas, domin NUPRC takan ba da jimla da shi, ƙungiyar OPEC kuwa, wadda Najeriya ta shiga a 1971, ba ta sa shi cikin kason da take yanka wa ƙasa, shi ya sa za ka ji adadi biyu mabambanta na wata ɗaya kuma duka daidai ne. Ya tambaya a ina aka auna, a bakin rijiya ko a tashar lodi, domin abin da ya ɓace a hanya tsakanin biyun yake. Sannan ya nemi yawan injinan haƙa da ke aiki a ƙasar a wannan shekarar da yawan tsofaffin rijiyoyin da aka farfaɗo da su, domin waɗannan biyun ne za su nuna masa abin da za a sanar shekara biyu ko uku masu zuwa.